Rawani ko zanko: mene ne sunan abin da ake rufe kan katanga da shi, kuma daga ina sunan ya samo asali?

Ɗan Agege ya rubuta:

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina neman ƙarin haske daga malamanmu na harshe da kuma waɗanda suka gaji gini ko suka karance shi a makaranta. A nan Legas, kusan duk katangar da aka kewaye gida da ita, idan birkila ya kai jerin bulo na ƙarshe, akan zuba mata kankare a sama wanda ya ɗan fi katangar faɗi, domin kada ruwan sama ya riƙa sauka cikin ramukan bulon. Magina a nan, har da 'yan'uwanmu Hausawa da ke wannan sana'a, da sunan Turanci suke kiransa, suna cewa "kofin".

Muna aikin katangar wata makarantar Islamiyya a unguwarmu, kuma kwamiti ya yanke shawarar rubuta kiyasin kuɗin aikin da Hausa, domin masu ba da gudummawa su san inda kowace naira za ta shiga. Da aka zo kan wannan abu sai dattawa biyu suka saɓa: ɗaya ya ce sunansa rawani, ɗayan ya ce zanko ake ce masa a garinsu. Abin da nake so a fayyace mini shi ne, shin kalmomin nan biyu abu ɗaya suke nufi? Kuma gini ne ya aro su daga kan mutum, ko kuwa daga gini suka fito? Sannan ya dace a kira na kankare da sunan da aka san shi da shi a ginin ƙasa? Allah ya saka da alheri.

Jikan Magina, Idi-Araba, ya amsa:

Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, dattawan nan kowannensu ya riƙe kalma ta gaskiya, sai dai ba wuri ɗaya kalmomin suke nunawa a jikin gini ba. Ni mutumin Zariya ne, gidanmu gidan magina ne, kuma kafin kasuwanci ya kawo ni Legas na yi shekaru ina miƙa tubali, saboda haka bari in fara daga yadda ake rufin soro, domin wanda bai san rufin ba ba zai gane amfanin rawani ba.

Idan bango ya kai tsayin da ake so, sai a jera azara a kansa. Azara tsagin itacen giginya ce, an zaɓe ta ne domin gara ba ta cika cin ta ba, amma idan tazarar da za ta haye ta doshi mita 2 sai ta fara lanƙwasa a ƙarƙashin nauyin ƙasa, shi ya sa a ɗaki mai faɗi ake ɗora azara bisa azara daga kusurwoyi ana matsowa tsakiya, ko kuma a tayar da bakan gizo, wato lanƙwasasshen gini mai siffar baka, ya ɗauki rufin. A kan azarar akan shimfiɗa zana ko ƙirare, sannan a zuba ƙasa a daɓe. To, da an tsaya nan, ruwan sama na farko zai kwararo ta kowane gefe, ya bi fuskar bangon yana cin ta, kafin damina ta ƙare ka ga bangon ya yi kwararo-kwararo. Maganin wannan shi ne a ci gaba da ɗora bangon har ya ɗan ɗara rufin, ya kewaye shi gaba ɗaya. Wannan ɗan bango da ya kewaye kan soro shi ne rawani. Yana tare ruwan a bisa rufi, ya kora shi zuwa inda aka huda aka sa indararo, indararon kuma ya yi tsawon da zai watsa ruwan nesa da gindin bango. A da da itace ko yumɓu ake yin indararo, daga baya aka koma na kwano.

Zanko kuwa shi ne tsinin da ake tayarwa a bisa rawanin, a kusurwoyin soro, wani lokaci kuma a gefe biyu na saman ƙofar zaure. Jam'insa zankwaye. Duk wanda ya taɓa ratsa tsohon birnin Kano, ko Zariya, ko Katsina, ko unguwar Birni a Damagaram, ya gan su tsaye a kan soraye. Mutane da yawa suna zaton ado ne kawai, amma magini ya san aikinsu. Kusurwa ita ce inda bango biyu suka haɗu, nan ne tsagewa take fara bayyana, nan ne kuma iskar hadari ta fi dukan gini, don haka nauyin zanko yana danne mahaɗar, tsininsa kuma ba ya barin ruwa ya kwanta a wurin. Ruwan zai fara cin zankon kafin ya kai ga bango, kuma gyaran zanko ya fi tayar da kusurwa sauƙi. Ban da haka, masu yaɓe sukan maƙala igiya a jikinsa idan za su hau gyara.

Yadda ake gama kan rawani ma abin lura ne. Maginin yana zaune bisa bangon, ƙafa ɗaya ta nan ɗaya ta can, yaro yana jefo masa curin ƙasa daga ƙasa yana cafewa. Idan ya zo jerin ƙarshe ba ya barin kan a shimfiɗe. Yakan tsoma hannu a ruwa ya riƙa shafawa da tafinsa har kan ya yi doro, yadda ɗigon ruwa ba zai sami wurin zama ba. Bayan ya bushe sai a bi shi da makuba, wadda ake samu daga ɓawon 'ya'yan ɗorawa, ko kuma da laso idan mai gidan yana da hali. Laso haɗi ne na katsi, wato abin da ke kwantawa a gindin karofin marina, da gashin jima, da ruwan dafara, kuma rufi da rawani ne suka fi cin sa, domin su ne ke fuskantar sama.

Saboda haka, dattijon da ya ce zanko ya ambaci wani abu dabam. Abin da kuke zubawa yana bin tsawon katangar ne daga farko har ƙarshe, ba ya tsaye a kusurwa, kuma ba shi da tsini.

Malamin Hausa, Obalende, ya amsa:

Allah ya saka wa Baba da alheri, domin ya sauƙaƙa mini rabin aikin. Zan ɗauki ɓangaren asalin kalmomin.

Amsar tambayarka ta biyu, Malam, ita ce gini ne ya aro, kuma kalmomin biyu daga kai suka fito. Zanko tun asali shi ne abin da ya miƙe tsaye a tsakiyar kai: tsayayyen gashin da ke kan wasu tsuntsaye, irin na alhudahuda, da kuma gashin da wanzami kan bari a tsakar kan yaro bayan ya aske gefe da gefe, har da kitson da ake tayarwa a tsakiyar kai. Abin da ya haɗa su duka shi ne tsayuwa a ƙololuwa da kuma tsini, kuma wannan siffar ce magini ya gani a abin da ya tayar a kusurwar soro. Jam'in kalmar yana bin tsarin da muka sani a bango da bangwaye, ango da angwaye, inda wasalin ƙarshe yake barin alamarsa a kan baƙin da ya gabace shi.

Rawani kuma kowa ya san shi, jam'insa rawuna: ƙyallen da ake naɗawa a kewaye hula, ko farin harsa ne ko ɗan Kura mai baƙin shuni da sheƙi, wanda ya samo sunansa daga garin Kura na ƙasar Kano. Abubuwa biyu ne suka sa kalmar ta dace da gini. Na farko, rawani kewayawa yake yi, ba ɗora shi ake yi kamar malafa ba, haka shi ma ɗan bangon yake zagaye rufin. Na biyu, shi ne ƙarshen shiga. Mutum yakan sa riga da wando da hula, sai ya naɗa rawani sannan a ce ya kimtsa, kuma a sarauta ma sai an yi naɗi ake cewa abu ya tabbata. Soron da aka yi wa rawani shi ne soron da aka gama. Bahaushe ya daɗe yana ɗaukar kalmar nan zuwa wasu wurare, kamar yadda ya ce girman kai rawanin tsiya.

Hujjar cewa aron daga jiki ya tafi zuwa gini, ba akasin haka ba, ita ce ba waɗannan biyu kaɗai ba ne. Muna cewa bakin ƙofa, fuskar gida, gindin bango, cikin ɗaki, bayan gida, kan katanga, har magina suna kiran kowane reshe na bakan da ke ɗauke da rufi ƙafa. Wanda ya ba gini baki da fuska da ƙafa, idan ya isa samansa ba abin mamaki ba ne ya naɗa masa rawani ya bar masa zanko. Wannan ɗabi'a ce ta harsuna da yawa, mutum yakan fara sa wa abin da ya fi kusa da shi suna, sannan ya auna sauran abubuwa da shi.

Wani abin sha'awa shi ne, ita kanta kalmar "kofin" (coping) da birkilolin Legas suke faɗi ta bi irin wannan hanya. A Turanci ta fito ne daga sunan wata alkyabba da limaman coci suke yafawa, sunan alkyabbar kuma daga kalmar Latin "kappa", wadda ita ce kuma tushen kalmar Turanci ta hula. Ke nan Bature ya yafa wa bangonsa alkyabba, Bahaushe ya naɗa wa nasa rawani, kowa da tufar manyan garinsu. Ɗaya kalmar da ake ji a wuraren gini, "farafet", wato ɗan bangon da ke kewaye rufi, daga Italiyanci take, inda aka haɗa kalmar karewa da kalmar ƙirji, domin asalinta bango ne mai tsayin ƙirji da soja ke fakewa a bayansa.

Akwai masu cewa an yi zankwaye ne domin kwaikwayon kunnuwa biyu na rawanin sarauta, irin wanda Sarkin Kano da 'ya'yan gidan sarauta suke naɗawa. Kamannin yana nan, musamman idan ka dubi zankwaye biyu a saman ƙofar zaure, kuma na san dalilin da ya sa bayanin yake da daɗin ji. Amma harshe bai goyi bayansa ba, domin da haka ne da kunne za a kira su, kamar yadda ake kiran na rawanin, ba zanko ba.

Game da takardarku, ra'ayina shi ne ku rubuta "rawanin katanga". Kalma ba ta ɗaure da kayan da aka yi abu da shi; indararo bai sauya suna ba da ya koma na kwano, kuma yau ma da ya zama na roba indararo muke ce masa. Ina ganin asara ce mu bar kalmar da kakanninmu suka riga suka sa wa saman bango, mu riƙa rubuta wadda rabin masu karanta takardar ba za su gane ba.

Injiniya, Ikeja, ta amsa:

Ina gaida Baba, ina gaida Malam. Na ƙaru ƙwarai da bayanin asalin kalmomin, amma ina da ja kaɗan a kan shawarar ƙarshe, kuma daga bayanin Baba na ɗauko hujjata.

Abin da Baba ya siffanta, wato ɗan bangon da ya ɗara rufi ya kewaye shi, shi ne daidai abin da muke kira farafet a zanen gini. Abin da Malam na Agege yake tambaya kuwa murfi ne da ake ɗora wa kan bango, ko bangon na kewaye ne ko na farafet ɗin kansa. A gidan bene mai rufin kankare za ka sami su biyun tare, ɗaya bisa ɗaya, kuma kowanne da kuɗinsa a kiyasi. Idan muka kira su duka rawani, ranar da za a rubuta kiyasin ginin azuzuwa za a rasa yadda za a bambanta su, kuma a harkar gini rashin bambanta suna yakan zama rigimar kuɗi tsakanin mai aiki da birkila. Ni da zan zaɓa, sai in bar rawani ga farafet, in kira wannan "hular katanga", wadda ita ma ba ta fita daga tsarin da Malam ya nuna ba.

Kowane suna kuka zaɓa, ina roƙon kwamiti kada ya ɗauki abin a matsayin ado da za a iya yankewa idan kuɗi sun gaza. Ruwan da ke sauka a Legas a shekara ya haura milimita 1,500, kusan ninki biyu na abin da aka saba samu a Kano, kuma yana zuwa ne a zango biyu, mafi ƙarfi a wajen watan Yuni, sannan ya dawo a Satumba da Oktoba, ga laimar iska wadda ba ta barin bango ya bushe da wuri. Bulon da muke amfani da shi, na inci 6 ko na inci 9, mai rami ne, idan aka bar kansa a buɗe ruwa yana sauka har gindi ya zauna. Daga nan ne ake ganin gansakuka ta yi kore a jikin katanga, fenti yana kumbura yana ɓarewa, rodin da ke cikin ginshiƙai yana tsatsa, tsatsar kuma tana kumbura ta fasa kankaren. A unguwannin da ke kusa da teku, gishirin da ke cikin iska yana ƙara gaggauta wannan.

Abubuwa uku nake dubawa idan na je karɓar irin wannan aiki. Murfin ya fito daga fuskar katangar da aƙalla santimita 4 ta kowane gefe. Samansa ya kasance da gangare, ko zuwa gefe ɗaya ko kuma doro a tsakiya, wanda shi ne abin da Baba ya ce magini yana yi da tafin hannunsa. Na ukun shi ne wanda aka fi mantawa: a ƙarƙashin ɓangaren da ya fito a bar ɗan siririn kwari mai bin tsawonsa. Ruwa yana da halin manne wa abu ya bi ta ƙarƙashinsa ya koma jikin bango, amma idan ya iso wannan kwarin sai ya yanke ya ɗiga ƙasa. Ana samar da shi ne ta hanyar kafa siririn katako ko igiya a cikin allon zubi kafin a zuba kankaren, idan ya kama a cire. Baƙaƙen layukan da kuke gani sun gangaro a jikin katangu masu sabon fenti, mafi yawansu rashin wannan kwarin ne. Idan kuma za a sa waya mai ƙaya a sama, a kafa ƙarafanta tun lokacin zubi, domin huda murfin daga baya buɗe wa ruwa ƙofa ne.

Wanda yake son ganin abin da ya yi kama da zankwaye a nan Legas, ya je titin Martins a Tsibirin Legas ya dubi Masallacin Shitta-Bey, wanda aka buɗe a 1894. Salon gininsa na waɗanda suka dawo daga Birazil ne, ba shi da alaƙa da ginin ƙasar Hausa, amma tsinayen da aka jera a saman fuskarsa, duk Bahaushen da ya gan su zankwaye zai ce.

Jikan Magina, Idi-Araba, ya sake amsawa:

Hajiya, Allah ya yi miki albarka, maganarki tana kan hanya. Gaskiya ne, a gidanmu idan aka ce rawani, hankalin magini kan soro yake tafiya. Katangar da ba ta ɗauke da rufi kuwa, kanta kawai muke gyarawa, a yi masa doro a shafe da makuba, kuma dalilin da ya sa ba mu buƙaci murfi dabam ba shi ne katangar ƙasa da faɗi take farawa daga gindi tana sirancewa, kafin ta kai sama ta riga ta tsuke, babu shimfiɗaɗɗen wurin da za a rufe. Bulo ne ya zo da bango mai faɗi ɗaya daga ƙasa har sama, shi ya kawo buƙatar murfi. Don haka idan kwamiti ya rubuta "hular katanga" bai yi kuskure ba, idan kuma ya bi Malam ya rubuta "rawanin katanga", kalmar katanga da ke biye ta isa ta raba shi da na soro. Zanko ne kawai ba shi da gurbi a takardar, sai fa idan za ku tayar da tsinaye a kan ginshiƙan ƙofar makarantar, wanda ni zan so in gani, domin yaran da aka haifa a Agege su san siffar ginin garin iyayensu.

Ina kuma tare da Malam a kan maganar kunnuwan rawani. Zankwaye ba a gidan sarauta kaɗai suke ba, suna kan soron malami da na ɗan kasuwa da na mai unguwa, alhali kunne biyu ba kowa ke naɗa shi ba. Kuma ba mu kaɗai muke tayar da tsini a kan ginin ƙasa ba. Babban masallacin Jenne a ƙasar Mali, wanda aka sake ginawa a 1907, yana da nasa, har da ƙwan jimina a kan hasumiyoyinsa, kuma duk shekara mutanen garin suna fitowa su yaɓe shi. Wanda ya sami zuwa Jos, akwai gidan adana gine-ginen gargajiya da ke cikin harabar gidan tarihi, inda aka kwaikwayi masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu.

Abin da ke damuna shi ne yadda ake gyaran tsofaffin soraye yanzu a gida. Mai gida yana ganin ya huta da yaɓen shekara-shekara, sai ya sa a shafe rawani da zankwaye da siminti. Siminti ba ya kama ƙasa yadda makuba take kamawa, kuma zafin rana da sanyin hunturu ba su motsa su daidai ba, saboda haka yakan tsage ya rabu da bangon. Ruwa ya shiga ta tsagin, ya rasa hanyar fita, ya jiƙa ƙasar daga ciki har ta kai ga bakin azara, alhali daga waje ana ganin komai lafiya. Duk mai tsohon soro a gida da ke aika kuɗin gyara daga nan, ya ce a hau a ƙwanƙwasa simintin da ke kan rawani kafin ruwan farko. Inda ya yi ƙara kamar fanko, a ɓare shi a sake yaɓe, a kuma zura sanda a cikin kowane indararo a tabbatar bai toshe ba.